Taki Ɗaya Daga Igiya

Da ma'aikatan ofishin filaye suka rasa bangon da za su shafa wa jan fenti, sai suka shafa wa durom ɗin ruwansa. Wani siririn safiyo mai tabarau ne ya zana lamba a jikin durom ɗin, ya yarfe burushi, ya ce wa mai riƙe masa littafi, "Rubuta: fili ne, babu gini."

Mai Igiya yana tsaye da bokiti a hannu, ruwa na ɗiga daga bakin wandonsa. Ya ajiye bokitin a hankali, don ya san in bai ajiye shi ba, a kan wani zai ƙare.

"Yallaɓai, fili ka ce? A kan me kake tsaye?"

Safiyon ya dubi takalminsa. A kan kankare yake tsaye, harsashin ginin ɗaki huɗu da falo, wanda Mai Igiya ya haƙa har ƙirjinsa, ya ɗaure masa rodi da hannunsa. Kankaren ya daɗe da ƙoshi da ruwa, amma tun da an hana shi ɗora bulo, ban-ruwan ne kaɗai aikin da ya rage masa a wurin.

"Akwai rufi?" in ji safiyon.

"Ba a kai nan ba tukuna."

"Bango fa?"

"Ai ku kuka ce kada in ɗora!"

"Ni ban ce ba. Rufi aka aiko ni in ƙirga." Ya tsallake rodin da ya leƙo daga kusurwa, ya wuce fili na gaba, ko waiwaye bai yi ba.

Ba a banza ake ce masa Mai Igiya ba. Shekara talatin yana aikin birkila, kuma ba a taɓa ganinsa babu dunƙulen farar igiyar awo a aljihu ba. Duk ɗakin da ya shiga, kafin ya amsa gaisuwa idonsa ya riga ya bi kusurwa ya gano inda magini ya yi ha'inci. Ya taɓa rushe katangar da ya kwana biyu yana yi, mai gida na roƙonsa ya bari, don kawai ta kauce da kaurin yatsa. Masu gidaje suna yabonsa a bayan ido, leburori suna tsine masa a gaban ido. A faɗi gaskiya gwani ne, sai dai kansa ya fi kankarensa tauri.

Asali wurin gidan mahaifinsu ne, ginin ƙasa, a wata tsohuwar unguwa da birni ya taso ya tarar da ita ya kewaye. Damina ta cinye ɗakunan baya ɗaya bayan ɗaya, har ya rage guda a gaba, mai rufin kwano da ƙofar katako da ke kallon hantsi. Ɗakin Inna ke nan. A ciki ta haifi yayarsa, a ciki ta haife shi, a ciki ta yi jinyar mijinta har ya cika. Ranar da Mai Igiya ya kafa turaku ya ja igiya don sabon gini, sai kusurwar ɗakin ta shigo cikin layin da taki ɗaya. Ya buɗe yatsunsa ya auna har sau uku, bai ragu ba.

"Inna, ɗakin nan sai ya tafi," ya ce.

Tana zaune a bakin ƙofa tana fama da ramin allura. "Ya tafi ina? Ka fara gininka daga baya mana, Auta. In ka gama nawa na koma, sai ka rushe wannan."

"Ya shigo igiya da taki ɗaya."

"To ka matsar da igiyar."

Ya yi dariya, irin dariyar da gwani ke yi wa wanda bai san aiki ba, kuma daga baya babu abin da ya fi ci masa rai kamar wannan dariyar. "Ba a matsar da igiya, Inna. In na matsar, gidan gaba ɗaya zai tafi a karkace, masu wucewa su riƙa nunawa suna cewa wai gidan Mai Igiya ke nan. Wata uku kacal za ki yi wurin Yaya. Ɗaki zan yi miki mai taga biyu, da banɗaki a ciki."

"Ni na ce maka taga nake nema?"

Ya yi ta naci, ya turo yayarsa ta lallashe ta, har ta gaji ta ce to. Ranar da za ta tashi ta share ɗakin tas, ta ja ƙofar ta rufe, alhali ta san gobe babu ƙofar. Washegari kafin rana ta take ya sauke kwanon, ya baje bangon, ya ja igiyarsa ta miƙe fes.

Daga nan ya tafi ofishin filaye neman izinin gini, don shi ba ya aikin sata. A can ya sami wani akawu mai ƙaramin tumbi, a teburi kusa da taga, da kofin shayi a kan tulin fayil. Akawun ya ce ba a ba da izinin gini sai da takardar mallaka. Mai Igiya ya miƙa wasiƙar ciniki ta mahaifinsa, wadda ta yi ja don tsufa. Akawun ya ɗaga ta da yatsa biyu ya mayar masa. Wannan ba takarda ba ce, in ji shi, kuma kaf unguwarsu babu mai takarda, sai bayan an zo an ƙirga gidaje za a ba kowa tasa. Kafin nan kada ya kuskura ya ɗora ko bulo ɗaya a bisa ƙasa, in ya ɗora za a rushe. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa ba ruwan kowa da shi. Ya rubuta masa haka a 'yar takarda, ya buga hatimi.

Shi ke nan Mai Igiya ya zuba duk ƙarfinsa da gwanintarsa a cikin rami. Wata uku suka zama biyar, biyar suka zama takwas, masu ƙirga ba su zo ba.

Maƙwabcinsa tela ne ya fara kawo masa labarin. Telan yana da fili a gefe, babu komai a ciki sai ciyawa da tsumman yadi. Ya zo da sassafe, tef rataye a wuya, yana haki.

"Mai Igiya, ka ji sabuwar doka? Ranar ƙirga, duk filin da aka tarar da rufi a kai, mai shi ya sami takarda. Wanda ba rufi, ya koma hannun hukuma, su ba kamfanoni su yi benaye. Wai birni ya cika, ba a son fili yana zaman banza. Don Allah zo ka tayar min da ɗaki ɗaya, kwana biyu, ko yaya ne."

"Ko yaya ne? Ka taɓa ganin na yi ko yaya ne?"

"Bango huɗu kawai, da kwano a kai."

"Akurkin kaji kake so. Nemi masu yin akurki."

"To naka fa? Ka ɗora wani abu a kai mana, ko rumfa ce!"

Mai Igiya ya zaro 'yar takardar akawu ya nuna masa hatimin. "Hukuma ta ce kada in ɗora, ga shi a rubuce. Kuma duk mai ido ya zo nan ya san gini ake yi. Rodin da ke cikin ramin nan zai ɗauki bene biyu."

Telan ya ce Allah ya sa masu ƙirgar suna da ido, ya tafi ya kwaso leburori uku daga bakin titi. Suka jera bulo a kan tsurar ƙasa ba tare da haƙa ko kamu ɗaya ba, suka ɗora falle huɗu na tsohon kwano, suka danne da duwatsu. Mai Igiya ya daina bi ta gefen, don in ya ga bangon nan kansa ciwo yake yi. Ranar ƙirga kuwa safiyon nan mai tabarau ya tsaya gaban akurkin, ya ce, "Rubuta: gini, ɗaki ɗaya," Mai Igiya yana ji da kunnensa.

Washegarin jan fenti ya sa rigarsa ta fita unguwa ya koma ofis. Akawun nan dai ya tarar, da kofinsa, sai dai yau a teburin kusa da ƙofa yake zaune. Mai Igiya ya shimfiɗa 'yar takardar a gabansa.

"Yallaɓai, hannun wa ne wannan?"

Akawun ya leƙa. "Nawa ne."

"Me ka ce a ciki?"

"Kada ka ɗora gini sai da izini. Haka doka ta ce."

"To ban ɗora ba. Jiya an zo an ce fili ne, an ƙwace."

"Haka ma doka ta ce."

"Wace dokar? Wadda ta ce kada in ɗora, ko wadda ta ce in ban ɗora ba a ƙwace?"

"Duka biyun, Malam. Waccan ta sashen gini ce, wannan ta sashen filaye." Ya nuna teburin taga da bakin biro. "Litinin zuwa Laraba a can nake zama. Da a nan teburin ka same ni ka tambaya, da na gaya maka ka yi rufi."

Mai Igiya ya dubi teburin taga. Tsakanin teburan biyu bai kai ƙafa goma ba, idonsa ya riga ya auna. "Wato in sami izini sai da takarda, in sami takarda sai da gini, in yi gini sai da izini. Ta ina mutum zai shiga?"

"Ni ban rubuta doka ba."

"Amma wanda ya karya ta kun ba shi takarda, ni da na bi ta kun kore ni! Ɗakin uwata na rushe a wurin nan. Shekara hamsin da wani abu tana ciki!"

"Yana da rufi?"

"Kwano sabo ful, ni na buga mata."

Akawun ya kurɓi shayi, ya girgiza kai da tausayin da bai wuce leɓe ba. "Kash. Ai da ka bar shi, da yanzu takardarka na hannunka. Ɗaki ɗaya ya isa." Ya ƙara da cewa maganar diyya ma ba ta taso ba, don abin da ido ya gani a bisa ƙasa ake biya wa diyya.

Bai san lokacin da ya fito titi ba. Ya tsaya a bakin kwalbati motoci na wucewa, yana jin haushin akawu, da haushin safiyo, da haushin duk wanda ya zauna cikin sanyin ofis ya yanke cewa falle huɗu na ruɓaɓɓen kwano sun fi harsashin da ya kai ƙirji. Amma ƙarƙashin wannan duka akwai wani haushin da ya fi su nauyi, wanda ba shi da ofishin da zai kai.

Yayarsa ta tare shi a bakin ƙofar gidanta, ta ja shi bayan tankin ruwa don kada muryarsu ta shiga ciki.

"Na ji," ta ce. "Matar tela ta zo har gida ta fesa min. Kai Auta, kai! Ta ce ka bar mata ɗakinta, ka sa ni na je na yi mata daɗin baki. Ka san yadda take zaune a gidan nan? Mijina ba abin da bai yi mata ba, amma ko tari sai ta toshe baki, wai kada suruki ya ji. Kayanta har yau a ɗaure suke, ta ƙi kwancewa. Kullum sai ta tambaye ni ko an kai linta."

"Yaya, zan je wurin lauya."

"Ka je wurin ko wa za ka. Ni dai ba da bakina za ta ji ba. Kai ka rushe, kai za ka faɗa."

Ya shiga ya durƙusa ya gaishe da Inna. Tana zaune a bakin katifa, ƙullin kayanta uku jere a jikin bango. Ta tambaye shi aiki, ya ce ana kai. Ta ce an kai linta? Ya ce saura kaɗan. Mutumin da bai taɓa yarda bango ya yi ƙarya da kaurin yatsa ba, ga shi yana shirga wa uwarsa ƙarya ido cikin ido, kuma ya ƙara mako shida yana maimaita ta.

Lauyan ya duba takardun ya ce dokar ta rufe ƙofar ƙara tun a sakin layinta na farko. Bayan wata guda kamfani ya zo ya kewaye filaye tara da shingen kwano, har da nasa, ya kafa allo mai hoton bene hawa shida da 'yan bishiyoyi a gaba. Shingen ya yi kwana ya kauce wa akurkin tela, wanda tuni ya tsage daga sama har ƙasa. Telan ya sa takardarsa a gilashi ya rataye a shago. Ba mugun mutum ba ne, in ya hango Mai Igiya sai ya sunkuyar da kai kan keken ɗinki, kuma wannan ma haushi yake ƙara masa.

Ranar da katafila ta shiga, Mai Igiya ya bar aikin da yake yi a wata unguwa ya zo ya tsaya a wata kafa ta shingen. Katafilar ta kwashe sauran filayen cikin yini ɗaya. Da ta zo kan nasa sai ta tsaya tana kuka tana hayaƙi. Ta caka haƙora, ta ɗaga, ta sake cakawa, ƙasa na girgiza, kankaren ko gezau. A rana ta uku da hantsi aka ji ƙara, haƙori ɗaya ya karye ya yi tsalle ya faɗo kusa da shinge. Direban ya kashe inji ya diro yana zage-zage.

"Wane mara aikin yi ne ya binne dutse a nan? An ce mana fili ne!"

"Ni ne," in ji Mai Igiya ta cikin kafar.

Direban ya dube shi, ya dubi ramin, ya share gumi. "Baba, kai ka zuba wannan? Wallahi shekarata goma sha biyu a kan injin nan, ban taɓa cin karo da irinsa ba."

Da a da ne, wannan maganar za ta ishe shi farin cikin wata guda. Yanzu kuwa hannu kawai ya zura ya jawo haƙorin, ƙarfe mai nauyin bulo biyu, ya saɓa a kafaɗa ya kama hanyar ofis a ƙafa. Ranar Talata ce, don haka teburin taga ya nufa. Ya sauke ƙarfen a kan fayil, kofin shayi ya yi tsalle ya tarwatse a ƙasa.

"Ga shi," ya ce, yau babu yallaɓai. "Babu-ginin da kuka rubuta ne ya karya wannan. Ka sa a fayil."

Akawun ya ja kujera baya, ya ɗaga takalminsa daga cikin shayi. Ya zaro fayil ɗin daga ƙarƙashin ƙarfen da ƙyar, ya buɗe, ya bi layi da yatsa. "Malam, a takarda babu komai a wurin."

"To takardar ta zo ta tuƙa katafilar!"

Masu gadi biyu suka riƙe shi ta hammata suka fitar da shi, yana faɗa ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Mutanen da ke layi da nasu takardun suka bi shi da kallo, wata tsohuwa ta ce Allah ya saka masa, sauran suka matsa gaba suka cike gurbi. Ba abin da ya canza. Kamfanin ya kawo injin fasa dutse, cikin mako guda ya gama da harsashin.

Da ya je gaishe da Inna a ƙarshen makon, ya tarar ta sa mayafi ta sa takalmi tana jiransa.

"Kai ni in gani," ta ce.

"Inna, ƙura ce a wurin, ki bari sai an—"

"Auta, ni na haife ka. Tun ranar da ka fara ce min saura kaɗan kake kallon ƙafata maimakon fuskata. Kai ni."

Ya tare musu mota har bakin layin, daga nan suka taka a hankali, tana dafe da hannunsa. Ta wuce allon mai hoton bene ba ta ɗaga kai ba. Ya kai ta kafar shingen, ta sa ido. Ciki rami ne ƙato, da tulin tsakuwa, da guntayen rodinsa a lanƙwashe an tara su gefe. A gaba, daidai inda ƙofarta take kallon hantsi, kamfanin ya kafa wa mai gadi 'yar bukka: sanda huɗu, da kwano a jiki, da kwano a kai. Mai gadin na ciki ya miƙe ƙafa yana sauraron rediyo.

Ta daɗe tana kallo. Shi kuwa ya shirya wa kuka, ya shirya wa zagi, har so yake ta zage shi ko ya sami sauƙi.

"Wancan ɗin," ta ce, "a wurinsu gini ne?"

"Yana da rufi, Inna. Gini ne."

"A miƙe yake?"

"A'a."

"Da nawa ya kauce?"

Ya so ya ce bai sani ba, amma idonsa ya auna tun kafin su ƙaraso. "Taki uku," ya ce.

"Uku." Ta gyaɗa kai. "Nawa ɗaya ne."

Ta janye idonta daga kafar, ta gyara mayafi. Ya sa hannu a aljihu, sai ya ji dunƙulen igiyar a ciki, ya zare hannun da sauri kamar ya taɓa wuta.

"Inna, ki yafe min. Zan nemi wani filin, ko a bayan gari ne, zan yi miki—"

"Mai taga biyu. Na sani." Ta miƙo masa hannu ya kama. "Mai da ni gidan surukina, rana ta yi. In mun je ka taya ni kwance kayan nan."